Zari-ruga ta mutum 13 da ta mutum 15: daga ina wannan 'yan ubanci ya samo asali?

Malam Sani, Hull

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 17 ke nan ina zaune a gabashin Hull, kuma duk wanda ya san garin nan ya san kogi ne ya raba shi gida biyu: mutanen yamma suna bayan Hull FC, mu na gabas muna bayan Hull KR, dukansu kuwa ƙungiyoyin zari-ruga ne ta mutum 13, wadda ake kira lig. Abin da ya sa na buɗe wannan magana shi ne wani dattijo da muke aiki tare, haifaffen garin nan, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba sai a watan Yunin 2025, ranar da Sarki Charles ya ba Billy Boston lambar girmamawa ta Sir. Boston yana da shekara 90 a lokacin, kuma shi ne mutum na farko da ya sami wannan lamba saboda wasan lig, alhali an shekara 130 ana buga wasan, kuma 'yan ɗaya ɓangaren, wato yuniyon ta mutum 15, irin su Gareth Edwards da Bill Beaumont da Clive Woodward, sun daɗe da samunta.

Dattijon nan ya taɓa gaya mini cewa ko ƙungiyar Ingila ce take wasa a Twickenham, babban filin yuniyon na Ingila, ba zai kunna talabijin ba, domin an kori mahaifinsa daga wata ƙaramar ƙungiyar yuniyon a shekarun 1960 saboda an gan shi yana buga lig tare da abokan aikinsa, ko sisi ba a biya shi ba. Da farko na ɗauki abin a matsayin taurin kai irin na tsofaffi, amma yanzu ina ganin yana da gaskiya, kuma ina ganin 'yan yuniyon da suke cewa ai duk zari-ruga ce, a manta da baya, suna faɗar haka ne don ba su aka yi wa ba. Ina so in ji ra'ayinku, musamman Hajiya Rabi da na san ɗanta yana buga ta mutum 15.

Nura, Zariya

Wa alaikumus salam Baba Sani. Kafin manya su shiga zancen, ina roƙon a yi mana bayanin bambancin da ke tsakanin wasannin biyu, domin mu da muke gani a talabijin lokaci-lokaci ƙwallo ɗaya muke gani mai siffar ƙwai, da mutane suna kokawa a kanta, ba mu san akwai gida biyu ba.

Dokta Aminu, Sidni

Nura, tambayarka tana kan hanya. Dukansu minti 80 ake yi, dukansu ba a jefa ƙwallo gaba da hannu, kuma babban burin kowa shi ne ya dangwala ƙwallo a bayan layin abokin karawa, abin da ake kira tirai. Inda suka rabu shi ne abin da ke faruwa bayan an kayar da mai riƙe da ƙwallo. A yuniyon, da zarar ya faɗi dole ya saki ƙwallon, sai 'yan ɓangarorin biyu su taru a kanta suna ture juna, kowa yana iya ƙwace ta, don haka ana rigima a kan mallakar ƙwallo daga farkon wasa har ƙarshe. A lig kuwa, wanda aka kayar tashi yake yi ya tura ƙwallon baya da ƙafa ga abokinsa, masu tsaro su ja baya mita 10, kuma ƙungiya tana da damar a kayar da ita sau 6 kacal kafin ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, shi ya sa galibi ake buga ta da ƙafa bayan kayarwa ta 5.

A yuniyon idan ƙwallo ta fita gefe ana jera 'yan wasa a ɗaga dogaye sama su cafe ta, kuma turereniyar mutum 8 da mutum 8, inda ɓangarorin biyu suke sunkuyawa su haɗa kafaɗu suna ture juna a kan ƙwallo, gwajin ƙarfi ce ta gaske da ake cin wasa ko a faɗi saboda ita. Lig ta jefar da jifan gefe tun 1897, ta rage 'yan wasa zuwa 13 a 1906, turereniyarta ta mutum 6 kuma ta zama hanyar ci gaba da wasa kawai. Tirai maki 5 ne a yuniyon, 4 a lig, bugun hukunci kuma 3 ne a yuniyon, 2 a lig. Daga nan ne kowane ɓangare ya samo abin da yake goranta wa ɗan'uwansa: 'yan lig suna cewa yuniyon tsaye-tsaye ne da busar alƙali da bugun sama, 'yan yuniyon kuma suna cewa lig karo ne sau biyar sannan a buga ƙwallo, a sake maimaitawa har a tashi.

Malam Sani, Hull

Na gode Dokta. Sai dai ina so Nura ya lura da cewa dokokin nan duk daga baya suka zo, domin ranar da aka rabu wasa ɗaya ake bugawa da doka ɗaya. Kuɗi ne ya raba su, kuma kuɗin ma na ranar Asabar.

A ƙarshen ƙarni na 19 ƙungiyoyin da suka fi ƙarfi a Ingila suna arewa ne, a Yorkshire da Lancashire, kuma 'yan wasansu masu haƙar kwal ne da ma'aikatan masaƙu da 'yan dako a tashar jiragen ruwa. Mutanen nan suna aiki har ranar Asabar, saboda haka duk wanda ya bar aiki ya tafi wasa an yanke masa ladan wannan lokaci, idan kuma ya karye a fili to iyalinsa ne za su kwana da yunwa. A daidai lokacin dubban mutane suna biyan kuɗin ƙofa don su kalle su. Ƙungiyoyin arewa suka nemi hukumar wasan, wadda aka kafa a 1871 kuma take hannun waɗanda suka fito daga makarantun masu kuɗi, da ta yarda a mayar wa ɗan wasa abin da ya rasa na aikinsa kawai. A taron 1893 aka kaɗa ƙuri'a, 282 suka ƙi, 136 suka yarda. Hujjar masu rinjaye ita ce wasa don sha'awa ake yinsa, wanda ba shi da halin yi kyauta ya haƙura. Lauya ko likitan da ba a yanke masa komai ranar Asabar shi ne yake gaya wa mai haƙar kwal haka.

Ranar 29 ga Agusta 1895 wakilan ƙungiyoyin arewa suka haɗu a otel ɗin George da ke Huddersfield suka ɓalle, ƙungiyoyi 22 suka fara sabuwar gasar, kuma abin da suka amince a biya ɗan wasa shi ne sule 6 a ranar da ya rasa aiki. Da a nan abin ya tsaya, da rabuwa ce irin wadda ake yi a ko'ina. Abin da ya mai da ita gaba shi ne hukuncin da ya biyo baya: duk wanda ya buga lig, ko da kyauta ne, ko da gwaji ya je, ana iya haramta masa yuniyon har ƙarshen rayuwarsa, ba zai buga ba, ba zai horar ba, wasu wuraren ma ba a son ganinsa a ɗakin shan shayin ƙungiya. An yi kusan shekara 100 ana wannan. Ko a rundunar sojan Birtaniya sai a 1994 aka amince da lig a matsayin wasan da soja zai iya bugawa a hukumance.

Hajiya Rabi, Landan

Malam Sani, tunda ka ambaci sunana bari in amsa. Ban musanta ko ɗaya daga cikin abin da ka kawo ba, kuma ina ganin abin da aka yi wa mahaifin abokin aikinka zalunci ne. Amma ina da ja a kan yadda kake ɗora wa mutanen yau laifin waɗanda suka daɗe a ƙasa. Shekara 9 ke nan ina kai ɗana filin atisaye duk safiyar Lahadi a yammacin Landan, cikin sanyi da taɓo, kuma waɗanda suke horar da yaran nan akwai direban bas a cikinsu, akwai mai gyaran famfo, akwai ma'aikaciyar jinya, babu wanda ake biya ko fam ɗaya. Wannan yin abu don sha'awa da kake kallo a matsayin mayafin masu kuɗi, ni na ga amfaninsa da idona, domin shi ne yake riƙe da ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi a ƙasar nan.

Sannan akwai abin da yuniyon take da shi wanda ya sa na zaɓar wa ɗana ita. Yaro ne mai jiki, ba shi da gudu, a ƙwallon ƙafa kullum benci ake ajiye shi. A wasan mutum 15 akwai gurbin gajere mai ƙiba a sahun gaba na turereniya, akwai gurbin dogo a jifan gefe, akwai gurbin siriri mai gudu a gefe. Wannan rigimar mallakar ƙwallo da 'yan lig suke kira ɓata lokaci ita ce ta ba yarona wurin tsayawa, har ya zama ana nemansa.

Kada kuma mu manta cewa tun 26 ga Agusta 1995 yuniyon ta buɗe ƙofar biyan 'yan wasa, haramcin ya faɗi. Yau kyaftin ɗin Ingila Maro Itoje ne, ɗan iyayen da suka fito daga Najeriya, kuma shi ya jagoranci tawagar Lions, wato haɗakar Birtaniya da Ireland, da ta ci Ostireliya 2 da 1 a 2025, ƙarƙashin mai horarwa Andy Farrell, wanda ya yi sunansa a lig a Wigan. Idan wannan bai nuna an sami sauyi ba, ban san abin da zai nuna ba.

Malam Isufu, Perpignan

Hajiya, Allah ya raya yaron, ya tsare shi daga rauni. Ina neman izini in kawo abin da ya faru a nan Faransa, domin a ganina ya fi na Ingila muni, kuma yawancin mutane ba su san shi ba.

Lig ta shigo Faransa a 1934 ta hannun Jean Galia, tsohon ɗan wasan yuniyon na ƙasa. A lokacin yuniyon ta Faransa tana cikin matsala, domin tun 1931 ƙasashen Birtaniya suka daina wasa da ita saboda zargin biyan 'yan wasa a ɓoye da yawan duka a fili. Cikin shekara biyar sabon wasan ya bazu a kudu, ƙungiyoyi suna ta sauya sheƙa, har Faransa ta ci gasar Turai ta lig a 1939. Sai yaƙi ya zo, Jamus ta mamaye ƙasar, aka kafa gwamnatin Vichy ƙarƙashin Marshal Pétain. Ranar 19 ga Disamba 1941 aka fitar da doka aka rushe hukumar lig baki ɗaya, aka ƙwace dukiyarta, aka tilasta wa ƙungiyoyinta su koma wasan mutum 15 ko su rufe. Bayan yaƙi wasan ya dawo, amma dukiyar ba ta dawo ba, kuma aka hana shi amfani da sunan zari-ruga, sai dai a ce wasan mutum 13. Sai a 1993, bayan doguwar shari'a, kotun ƙoli ta tabbatar masa da sunansa. A 2002 wani kwamitin masana tarihi da gwamnati ta kafa ya bayyana cewa jami'an yuniyon suna da hannu a matakin da Vichy ta ɗauka, amma ba a biya diyya ba.

Duk da haka mutanen nan su ne suka kawo shawarar Kofin Duniya, ta hannun Paul Barrière, aka yi na farko a Faransa a 1954, shekara 33 kafin yuniyon ta yi nata a 1987. A garin da nake akwai ƙungiyoyin biyu, USAP ta mutum 15 da Catalans Dragons ta mutum 13, kuma ranar da Dragons suka ɗauko kofin Challenge daga Wembley a 2018 na ga tsofaffi a bakin titi suna kiran sunayen iyayensu da suka rasu. Shi ya sa, Hajiya, idan aka ce a manta, sai in tambaya: wanda aka ƙwace wa gona, aka hana shi amsa sunan ubansa, kuma gonar tana hannun ɗan'uwansa har yau, ta ina zai fara mantawa?

Bashir, Kadif

Ina gaida iyayena da yayyena. Ni ɗalibi ne, shekarata ta uku a Wales, kuma abin da na gani a nan yana ɗan rikita lissafin Baba Sani, ko da yake a ƙarshe yana ƙarfafa shi. A Wales yuniyon wasan talaka ne. Masu haƙar kwal na kwarurukan kudu da ma'aikatan ƙarfe su suka riƙe ta, ba su ɓalle ba kamar takwarorinsu na Yorkshire. Dalilin da ake bayarwa a nan, kuma ba a ɓoye shi, shi ne ƙungiyoyin Wales sun daɗe suna sa wa 'yan wasa kuɗi a cikin takalmi bayan wasa, hukuma ta kawar da kai. Wato abin da aka kori mutanen arewacin Ingila saboda sun nemi yi a fili, wasu suna yinsa a ɓoye ana tafa musu.

Saboda haka a nan haushin lig na daban ne: ana kallonta a matsayin mai zuwa da jakar kuɗi ta ɗauke 'ya'yan gari, kamar yadda Jonathan Davies ya tafi Widnes a 1989. Amma akwai waɗanda tafiyarsu ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Billy Boston da Baba Sani ya fara da shi haifaffen unguwar tashar jiragen ruwa ta Kadif ne, baƙar fata, burinsa ya buga wa Kadif da Wales, ƙofar ba ta buɗe ba, ya tafi Wigan a 1953 ya ci musu tirai 478. Clive Sullivan shi ma ɗan Kadif ne, ya tafi Hull, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe kyaftin ɗin wata tawagar ƙasa ta Birtaniya, ya ɗaga Kofin Duniya a 1972. Roy Francis ɗan Wales ne, baƙar fata, yana horar da Hull FC tun shekarun 1950, har ya ci gasar ƙasa da su. Wales kuwa ba ta sa baƙar fata a tawagarta ta yuniyon ba sai a shekarun 1980. A 2023 aka kafa wa Boston da Sullivan da Gus Risman mutum-mutumi a bakin ruwan Kadif, kuma duk lokacin da na wuce wurin sai in tuna cewa garinsu bai karrama su ba sai da wani gari ya riga shi da shekaru masu yawa.

Hajiya Rabi, Landan

Bashir, ka yi bayani mai kyau, Allah ya ba da sa'ar karatu. Amma don a cika tarihin, Ingila ta sa baƙar fata, James Peters, a tawagarta ta yuniyon tun 1906. Kuma idan ana maganar wasa da launin fata, a dubi Afirka ta Kudu, inda yuniyon ta kasance tutar masu mulkin wariya, amma a 1995 Nelson Mandela ya sa rigar Springboks, tawagar ƙasar, ya miƙa kofi a Ellis Park, sannan Siya Kolisi, yaron da ya tashi cikin talauci a unguwar Zwide, ya ɗaga Kofin Duniya a 2019 ya sake ɗagawa a 2023. Wasan da ya iya yin wannan tafiya bai cancanci a ce har abada na masu girman kai ne ba.

Ina kuma so Malam Sani ya san cewa raini ba daga gefe ɗaya yake fitowa ba. Mun taɓa kai yaranmu wata gasa a arewa, muka tsaya cin abinci a hanya suna sanye da rigunan ƙungiya, wasu manyan mutane suka dinga yi musu ba'a suna kiransu 'ya'yan masu kuɗi. Yarona a gidan haya na ƙaramar hukuma ya tashi, ni kuma aikin dare nake yi. Ya tambaye ni a mota me ya yi musu, na rasa amsar da zan ba shi.

Malam Sani, Hull

Hajiya, wannan abin kunya ne, kuma ina ba ki haƙuri a madadin duk wanda yake kiran kansa mai son lig. Babba da ya tsaya yana muzanta yaro ya zubar da girmansa, kuma ya ɓata hujjar da iyayensa suka sha wuya a kanta.

Game da James Peters kuwa, labarinsa bai ƙare a 1906 ba. Daga baya an dakatar da shi a kan zargin karɓar kuɗi, ya ƙare wasansa a lig a Barrow da St Helens, kuma Ingila ba ta sake sa baƙar fata ba sai Chris Oti a 1988, bayan fiye da shekara 80 da fara sa Peters. Itoje ina girmama shi ƙwarai, amma ta makarantar Harrow ya bi, kuma har yau kaso mai yawa na tawagar Ingila daga makarantun kuɗi suke fitowa. Namu ɗan Najeriyar, Martin Offiah, ya fara da yuniyon a Rosslyn Park, Widnes ta ɗauke shi a 1987, Wigan ta saye shi fam 440,000 a 1992, kuɗin da ba a taɓa biya ba a lokacin, kuma yau siffarsa tana cikin mutum-mutumin lig da ke Wembley.

Dokta Aminu, Sidni

Ina karanta ku ina ganin yadda wuri yake sauya labari. A nan Sidni da Brisbane lig ce babbar yaya, yuniyon ce take neman wurin zama. Asalin rabuwar iri ɗaya ne, domin a 1907 'yan wasa suka fusata a kan yadda ake tara kuɗin ƙofa amma wanda ya ji rauni, irin Alec Burdon da ya samu matsala a kafaɗa, ba a ba shi komai. Da fitaccen ɗan wasan lokacin, Dally Messenger, ya sauya sheƙa, sai jama'a suka bi shi, aka fara gasa a 1908. Tun daga nan yuniyon ta fi zama a makarantun kuɗi da jami'o'i, lig kuma ta mamaye unguwannin ma'aikata.

Yau wasanni uku na State of Origin tsakanin New South Wales da Queensland, gasar da aka fara a 1980 da wasa ɗaya, suna cikin abubuwan da aka fi kallo a talabijin a ƙasar nan, yayin da ƙungiyar yuniyon ta Melbourne Rebels ta rufe a 2024 saboda bashi. A Papua New Guinea lig ce wasan ƙasa, kuma za su shigo NRL, babbar gasar lig ta Ostireliya, da ƙungiyarsu a 2028. A unguwannin Lakemba da Belmore, inda Musulmi suke da yawa, ƙungiyar Bulldogs ce ta kowa, kuma sunan Hazem El Masri, wanda ya yi ritaya a 2009 da maki 2,418, har yanzu yana bakin yara.

Abin da nake so in faɗa shi ne, inda lig ta sami ƙarfi ita ma tana nuna irin halin da take kuka da shi. Lokacin da Joseph Suaalii ya bar Roosters ya koma yuniyon a 2024, maganganun da wasu manyan lig suka yi a kansa ba su da bambanci da waɗanda ake yi wa ɗan Wales da ya tafi arewa a da. Kuma yaran Samowa da Tonga da Fiji da suke cika filayen wasannin biyu ba su ɗauki wannan gaba a ka ba, domin da yawansu suna buga ɗaya ranar Asabar a makaranta, su buga ɗaya ranar Lahadi a unguwa. Sonny Bill Williams ya ci gasar NRL a 2004 da 2013, ya ci Kofin Duniya na yuniyon a 2011 da 2015, kuma a wurinsu abin koyi ne, ba maci amana ba.

Malam Sani, Hull

Dokta, na karɓi wannan gyara, mai ƙarfi a ko'ina yana bukatar a ja masa kunne. Amma akwai bambanci tsakanin baƙar magana a jarida da dokar da ta hana mutum shiga fili har ya mutu, kuma lig ba ta taɓa kafa irin wannan doka a kan 'yan yuniyon ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka yi sauyin 1995 ba tare da ko kalma ɗaya ta neman afuwa ba. Kuɗin talabijin ya zo, manyan 'yan wasa suna shirin ficewa, sai aka wayi gari abin da aka shekara 100 ana kira ƙazanta ya zama halal. A watan Mayun 1996 aka haɗa zakarun ɓangarorin biyu: Wigan ta ci Bath 82 da 6 a dokokin lig, Bath ta ci Wigan 44 da 19 a dokokin yuniyon a Twickenham, kuma a tsakanin wasannin biyu Wigan ta je Twickenham ɗin ta ɗauke kofin Middlesex na mutum 7. Daga nan yuniyon ta fara ɗibar mutanenmu. Phil Larder ne ya gina tsaron Ingilar da ta ci Kofin Duniya a 2003, Jason Robinson na Wigan ne ya ci mata tirai ɗaya tilo a wasan ƙarshe, Shaun Edwards ya gyara tsaron Wales sannan na Faransa, ga Farrell a Ireland. Amma da Ingila ta faɗi tun zagayen rukuni a gidanta a 2015, Sam Burgess da ya zo daga lig bai fi shekara ba shi aka fi nuna wa yatsa. Idan an ci, zari-ruga ɗaya ce, idan an faɗi, a tuna cewa ɗan lig ne.

Ban ce gidanmu ba ya yoyo ba. Bradford Bulls da ta ci gasa sau da yawa ta rushe a 2017 sai da aka sake kafa ta, kamar yadda Wasps da Worcester da London Irish suka durƙushe a ɓangaren yuniyon tsakanin 2022 da 2023, kuma tsoffin 'yan wasan ɓangarorin biyu suna kotu a kan raunin ƙwaƙwalwa. Wannan na ƙarshe ya kamata ya dame mu fiye da komai, ni da ke Hajiya, tunda 'ya'yanmu ne a fili.

Hajiya Rabi, Landan

A kan raunin kai babu saɓani tsakaninmu, domin sau biyu ana fitar da ɗana daga wasa a hana shi atisaye na makonni, kuma ban taɓa yin gardama da likita a kan haka ba. A kan neman afuwa kuma, idan hukumar yuniyon ta Ingila ta fito ta ce abin da aka yi wa mutane irin mahaifin abokin aikinka kuskure ne, ni zan fi kowa murna, kuma zan rubuta wa shugabannin ƙungiyarmu in nemi su goyi bayan haka. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce yarona ya sunkuyar da kai saboda wasan da yake so. Na gaya masa abin da ake tattaunawa a nan, ya ce bai taɓa ganin wasan lig a fili ba, kuma yana so ya gani.

Malam Sani, Hull

To Hajiya, ku zo Hull idan an shiga sabuwar kaka, wadda take farawa a watan Fabrairu. Daga tashar King's Cross jirgin ƙasa yana kawo ku cikin kusan awa biyu da rabi, idan kuma da mota ne za ku shigo gari ta babban titin da aka sa wa sunan Clive Sullivan bayan rasuwarsa a 1985. Maiɗakina za ta sauke ki, ni kuma zan nemi tikiti uku a Craven Park, filin Hull KR, na yaron da nawa da na dattijon da na ba ku labarinsa, domin ina so ya zauna kusa da shi ya ji labarin mahaifinsa daga bakinsa. Ki sa ya taho da rigar sanyi mai kauri, iskar da ke tasowa daga kogin Humber da yamma ba ta da sauƙi.